Ƙwayar Hansai a Zabirata

Ni Haladu wanzami, mutumin Wudil, na fi shekara arba'in ina cire wa mutane mataccen jini, ashe wanda ya fi kowanne mutuwa yana cikin kaina ban sani ba. Da wannan zan fara, don kada wani ya riga ni faɗa. Wauta biyu na yi a jinyar matata Hansai. Ta farko ta jahilci ce, irin wadda ake cewa Allah ya yafe. Ta biyun kuwa idona biyu na yi ta, bayan an zaunar da ni an yi mini bayani kamar ana ba jariri koko. Karatuna na boko bai wuce ajin yaƙi da jahilci ba, shi ma rabin lokacin aski nake yi wa malamin, saboda haka wanda ya ga rubutuna ya karkace ya yi haƙuri. Mai shi ma a karkace yake.

Hansai 'yar Fulanin Utai ce. Fura take yi, duk unguwarmu an san tata da ƙamshin citta da kanumfari. Mace ce da in ta ɗaga taɓarya maƙwabta kan san gari ya waye. Bayan kaka, ana cikin sussukar dawa, sai na ga tana daka tana hutawa. Tuwo loma uku ta ce ta ƙoshi. Ga zufa kamar an kwara mata ruwa, ga rama. A mako na uku ta kama hannuna ta ɗora a gefen cikinta na hagu, ƙarƙashin haƙarƙari. Na ji wani abu mai tauri kamar ɗan dutsen niƙa.

Ta ce, "Malam, mene ne wannan?"

Na ce, "Saifa ce. Don wannan kike ɓata rai? Kin manta gidan wa kike aure?"

Saifa gadonmu ce. Ubana ya tsaga ta, kakana ya tsaga ta. Na ɗauko zabira na yi mata tsaga bakwai a kan wurin, na shafa magani, na kafa mata ƙaho a baya, na haɗa jiƙon maɗaci da jar kanwa. Bayan mako biyu abin bai motsa ba, na ƙara bakwai. Tsagar ta daɗe ba ta kame ba. Na gani, na ce sanyi ne.

Daga nan 'yan ba da shawara suka buɗe kasuwa a gidana. Yayarta ta zo daga Utai ta shafa cikin ta ce kwantaccen ciki ne ya tashi, ga mace mai jikoki biyar. Ba zan ɓoye ba, kwana biyu na yi ina tafiya ina buɗa kafaɗa. Wata ta ce sammu ne daga masu fura 'yan uwanta. Aka sha rubutu, aka sha zuma da habbatussauda, aka samo fitsarin raƙumi ranar kasuwar Juma'a. Hansai ta shanye duka ba musu, cikin yana ƙara fitowa, sauran jikin yana komawa.

Taubashina Ɗanjuma masunci shi ya fi kowa cin namana. Ya same ni a bakin kasuwa ina yi wa wani aski, ya ce da ƙarfi, "Wanzam, an ce saifa ta zaga Wudil kaf, ba ta ga inda za ta zauna lafiya ba sai gidanka."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma maganar ta shige ni kamar ƙaya. Ku riƙe ta, za mu dawo kanta.

Wata huɗu muka yi a haka kafin Dakta Falmata ta shigo. 'Yar Barno ce, tana koyarwa a jami'ar garinmu. Ni na yi wa ɗanta askin suna, kuma wajen Hansai take sayen fura. Da yake Fulani da Barebari abokan wasa ne, ba sa haɗuwa ba a yi tsiya ba. Ranar ta shigo tana cewa, "Ina baiwata, yau ma ba a dama ba?" Da ta ga Hansai a kan tabarma sai ta bar wasan. Ta ja fatar idonta ta duba, ta juyo gare ni.

"Baba Wanzam, ni ba likitar asibiti ba ce, da kwamfuta nake aiki. Amma ka yi naka. Bari a gwada na wasu."

A asibitin garinmu suka ɗebi jini, suka kalli takardar, suka kalli juna, suka ce mu wuce Kano. Wanda bai taɓa bin layin babban asibiti ba bai san haƙuri ba. Mu fita ana idar da sallar asuba, mu ƙetare gada, mu isa mu tarar da waɗanda suka riga mu sun cika benci har ƙasa. Layin kati daban, layin biya daban, layin da za a gaya maka cewa ba wannan layin ba ne shi ma daban. Sai a zuwa na uku muka ga likitan jini. Ya ɗaga mayafinta ya ga tsaga goma sha huɗu a jere.

"Wa ya yi mata wannan?"

Wanzami ba ya son jarfa. Na ce, "Wani wanzami ne a garinmu, likita. Ba shi da hankali sosai."

Hansai ta ce, "Gaskiya ne, likita." Ba ta ko kalle ni ba.

Suka huda mata ƙashin ƙugu suka zuƙo ɓargo. Na leƙa ta labule ina kallon allurar, har da ɗan ƙyashi na sana'a. Likita ya ce sankarar jini ce, amma iri-iri ce, sai an aika jinin wani wuri an tabbatar da wacce. Gwajin ya tafi da tumakinmu biyu. Mako uku muna jira. Da sakamako ya zo ya ce, "Baba, a cikin rashin sa'a kun yi sa'a. Tara da ashirin da biyu ce, wannan tana da ƙwaya." Na gyaɗa kai kamar na gane. Na zaci lambar ɗaki ce.

Falmata ce ta warware mana. Ta zo da yamma da kwamfutarta ta zauna a tsakar gida. Ta ce ashe wannan shi ne ainihin aikinta. Ta ce a cikin kowane ɗigon jini akwai rubutun da Allah ya yi na yadda jiki zai tafi, an shirya shi kamar littattafai, kowanne da lambarsa. A jikin Hansai, na tara da na ashirin da biyu sun yage, wajen ɗinkewa sai gutsuren wannan ya manne da gutsuren wancan. Layin da ya fito daga wannan ɗinkin umarni ne da ba a taɓa rubutawa ba: ku yi ta haihuwa kada ku tsaya. Shi ya sa farin jini ya yi yawa har ya cika saifa.

Hansai ta ce, "Wato aure aka ɗaura a jikina ba waliyyi."

"Ba ko sadaki."

"To ai aikin Barebari ne."

Na tambaye ta yadda ake ganin abin da ido ba ya gani. Ta ce akwai injin da ke karanta rubutun, amma ba ya iya karanta shi a dunƙule, sai an yayyaga shi gutsi-gutsi, fiye da yashin kogin Wudil. Aikin manhajojin da ke cikin kwamfutarta shi ne su ɗauki kowane gutsure su nemo masa gidansa. In suka ci karo da gutsuren da kansa na gida ɗaya ne, wutsiyarsa ta wani gida, to sun kama ɗinkin. Ta nuna mini wasu layuka masu launi, rabi shuɗi rabi ja, na wani mara lafiya da ba a sa sunansa ba. Ta ce manhajar takan yi ƙarya wani lokaci, ta ga ɗinki inda babu, shi ya sa take sa uku su duba, abin da bakinsu ya zo ɗaya a kai shi take ɗauka.

Na ce, "Ashe ke ma shaidu kike kira, kamar alƙali."

Ta yi dariya, sannan ta daina. Ta ce, "Baba Wanzam, ka ji wannan da kyau. Ƙwayar da za a ba ta ba maganin saifa ba ce. Maganin wannan ɗinkin ne shi kaɗai. Wanda ba shi da shi, ko buhu ya sha ba abin da zai samu sai wahala. Ita kuma kullum za ta sha, ba fashi, ko ta ji ta fi ni lafiya."

Na ce na ji. Allah shaida na ji.

Ƙwayar wata ƙungiya ce ke ba da ita kyauta ga mai takardar gwaji, Allah ya saka musu, ban san ko fuskarsu ba. Duk wata uku nake zuwa in karɓo, ni ke ajiyewa, ni ke ɓallo mata guda kowace safiya. 'Yar ƙarama ce, launin jar ƙasa. Makon farko Hansai ta yi ta tashin zuciya, idonta ya kumbura. A mako na uku ta cinye tuwonta ta leƙa nawa. A na shida na ɗora hannu a gefen cikinta na laluba, na sake lalubawa. Dutsen ya tafi. Taɓarya ta dawo, maƙwabta suka koma sanin wayewar gari.

Nan ne wautar ta biyu ta samo ƙofa. Mutane suka fara cewa ai tsagar Haladu ce ta yi aiki daga baya, asibiti sun tarar da aikin an gama. Ban ce haka ne ba, ban kuma ce ba haka ba ne. Na dai gyara zaman hulata. Labari ya kai ƙauyuka. Wani mutumin Lajawa ya kawo ƙanensa da saifa kamar ƙwarya, na Darki suka biyo baya. Na tsaga, na ba da jiƙo, ba abin da ya motsa. Ɗanjuma ya ce, "Wanzam, ko dai askar mata kawai take ji?"

Ba zan ɗora wa Shaiɗan ba, yana da nasa ayyukan. Ni na zauna na yi lissafina. Na ce saifa saifa ce, 'yan boko ne ke son tsawaita magana. Na ce Hansai ta warke, me ƙwaya ɗaya za ta rage mata. Ran nan da safe ta miƙo hannu na ce, "Yau hutu. Likita ya ce tunda kin samu sauƙi, yau sha, gobe hutu."

Ta dube ni. "Likitan ne ya ce?"

"Shi ya ce."

"To."

Ranar hutu sai in jefa tata a zabira. In ta tafi unguwa in ɗauko ɗan turminta na kayan yaji in dake su, in gauraya da garin sabara don kada a gane, in ƙulla a leda in ba masu saifa. Na sa masa suna gadon kaka. Wata biyar ina wannan. Ko mutum ɗaya bai warke ba. Na Lajawa ya yi ta amai, wani ƙafarsa ta kumbura, wata ta aiko a gaya mini garin nawa ko akuya ba ta ci. Mai hankali da ya tsaya tun a wata na farko. Ni kuwa na riga na cika baki a kasuwa, sai na ce ƙila ƙwayar ce ta yi kaɗan, na ƙara. Lokacin gwajin da ake yi mata don a ga yadda jinin yake ya zo, na ce ai lafiyarta ƙalau, a bari sai an sayar da gyaɗa.

A cikin watannin nan akwai ranar da masu saye biyu suka dawo mata da fura, suka ce da ɗaci. Abin da ba a taɓa yi mata ba. Ta ɗanɗana. Na ga ta ɗauki ɗan turmin ta wanke shi da toka har sau uku ta kife a rana. Ni kuwa na kama wasa aska.

Da bazara ciwon ya dawo, kuma ba da sallama ya dawo ba. Zazzaɓi ya ƙi sauka. Ƙasusuwanta suna ciwo har ba ta son a taɓa gadon. Ta yi asuwaki jini ya cika mata baki, wasu baƙaƙen tabo suka fito mata a cinya ba ta bugu da komai ba. Dutsen ya dawo ya fi na da. A ranar na koma ba ta ƙwaya kullum, kamar wanda ke toshe ɓaraka bayan ruwa ya cinye gona.

Aka kwantar da ita a Kano. 'Yarmu Sadiya ta baro gidan mijinta ta zo ta zauna da ita. Makon farko aka ce sai an ƙara mata jini. Nawa suka ce na tsufa. Ɗanjuma da nake jin haushinsa shi ya cika mota da masunta uku, suka miƙa hannu aka ɗiba, ya fito yana cewa yanzu Hansai za ta fara iyo. Ban taɓa gode masa yadda ya kamata ba. A mako na biyu aka sake cewa jini, mai ɗauka ya ce in dawo gobe, goben ya ce jibi. Akwai ma'aikaciyar da ta daka mini tsawa a gaban surukina mijin Sadiya don na zauna a bakin gado. Akwai kuma wadda ta cire safar hannu ta riƙa shafa wa Hansai ƙafa har ta yi barci. Duk a ɗaki ɗaya.

Likitan jini ya tsaya a kanmu da fayil. "Baba, tana shan ƙwayar kullum?"

Na ce, "Kullum."

Ya dubi Hansai. Ta juya fuskarta bango.

Ya ce akwai binciken da suke yi tare da mutanen jami'a, in ta yarda za a karanta jininta gaba ɗaya a ga abin da ya canza. Ta dangwala yatsa. Bayan mako huɗu Falmata ta aiko in same ta a ofis. Shekara nawa ina wuce ƙofar jami'ar nan da kekena, ranar na fara shiga. Na zauna a kujera mai juyawa, na tabbata shaidun nan nata uku sun gan ni da turmi.

Ta nuna mini layukan, wannan karon na Hansai ne. Ta ce ɗinkin yana nan, amma a cikinsa harafi ɗaya ya canza. Harafi ɗaya tak. Wurin da ƙwayar ke kamawa ne ya sauya siffa, yanzu ko ta sha ba ta samun wurin riƙewa. Ta ce ta riga ta kai wa likita.

Na ce, "Kwamfutar tana faɗin dalili?"

Ta ce, "Ba ta faɗi, Baba Wanzam. Yakan faru ga wanda bai taɓa fashi ba ko sau ɗaya. Amma fashi yana buɗe masa ƙofa. Akwai abin da kake so ka gaya mini?"

Na ce babu.

Ga abin da ya fi komai ƙona ni yanzu. Da na fito daga ofishin nan, matata tana kwance tana zubar da jini, ni sanyi na ji a raina. Na ji daɗi injin bai iya ba da shaida a kaina ba. Har na tsaya na sayi rake a bakin titi.

Akwai wata ƙwayar ta biyu, ita ba kyauta ba. Gonarmu ta fadama ta tafi. Ƙwayar ta ɗan riƙe Hansai wata biyu, har ta zauna ta tsefe kanta, sannan ta sake ta. Likita ya kira ni gefe ya yi mini magana a hankali, irin wadda ni ma na sha yi wa mutane in na ga abin ya fi ƙarfin aska. Hansai ta ce a kai ta gida, ta gaji da warin asibiti. Kwana goma sha ɗaya ta yi a ɗakinta. Ranar da aka yi ruwan shuka muka kai ta makwancinta.

Bayan arba'in na je na gaya wa Falmata komai. Ba ta zage ni ba, da ta zage ni da na fi jin sauƙi. Na sake tambayarta ko ni ne. Ta ce ba ta sani ba, ba kuma wanda zai taɓa sani, kuma ba za ta ce mini ba ni ba ne don in samu barci. Ta ce in ina son in yi wani abu, in rubuta, za ta ba likita a riƙa karanta wa masu jinya a benci ranar layin jini. Shi ne wannan.

To kai da ke zaune a bencin nan da ledar magani a hannu, ga abin da zan ce. In ka ji tauri a gefen hagu ya wuce mako biyu, kada ka kawo mini, kai shi a ɗebi jini. In an ce kullum, kullum ake nufi. Ƙwayar da aka rubuta da sunan mutum ɗaya tasa ce, don ciwo biyu sukan yi kama a ido alhali a rubuce ba su haɗa komai ba. Kuma in kai ke riƙe wa wani magani, ka sani ransa ne a aljihunka. Ni na daina tsagar saifa. Aski nake yi, shi ma hannun ya fara rawa.

Saura abu ɗaya. Kwana uku kafin ta rasu, bayan la'asar, ta ce tana son fura. Sadiya ta dama ta kawo, ta fita ɗebo ruwa. Na tallafo kanta na ba ta a ludayi. Ta kurɓa sau biyu ta ce, "Wannan ba ɗaci." Na ce ai Sadiya ta iya. Ta ce, "Ɗacin ran nan na san shi, Malam. Kowace safiya nake haɗiyarsa, ya za a yi in kasa gane shi a turmina."

Ludayin yana hannuna, na rasa inda zan ajiye shi. Ba faɗa a muryarta, ba kuka. Kamar tana tambayata ko an rufe awaki, ta ce:

"Su waɗanda ka ba rabona, sun warke kuwa?"